AMSOSHIN TAKARDUNKU: Shin Yawan Karance-Karance Yana Hana Manomi Noma?

Takardar da muka ciro a wannan mako ta fito ne daga Safana, cikin Jihar Katsina, daga wani bawan Allah wanda ya roƙi mu sakaya sunansa. To, Malam, mun sakaya.

Ya ce shi manomi ne, da damina yana noman gero da dawa da wake, da rani kuma yana ɗan taɓa sayar da hatsi a kasuwannin Safana da Runka da Batsari. Karatunsa na boko bai wuce firamare ba, sai kuma na allo da ya yi a gaban mahaifinsa. Amma Allah Ya sa masa son karatu, ta yadda ko takardar da aka ƙunso masa ƙosai a ciki ba ya yar da ita sai ya duba abin da aka rubuta. Ba ya zuwa gona ko kasuwa sai da littafi a aljihu. Yanzu abin ya fara jawo masa magana. Abokansa na majalisa suna ce masa yawan karatu yana taɓa ƙwaƙwalwa, yana kuma kashe ido. Wani yayansa ya ce masa manomi da littafi ai ɓata lokaci ne. Uwargida ita ma ta fara ƙorafi, wai ya fi hira da takarda a kan hira da iyali. Daɗin daɗawa, gara ta shiga ɗaki ta cinye masa littattafai masu yawa a daminar da ta wuce. Shi ne yake tambaya: shin ya daina ne, ko kuwa akwai yadda zai yi?

To, Malam, mun gode da wannan takarda taka. Amsarmu a taƙaice ita ce kada ka daina. Amma fa ka sa wa abin tsari, domin ko zuma ce in aka sha ta ba ƙa'ida sai ta gundura. Bari mu ɗauki maganganun ɗaya bayan ɗaya.

BATUN ƘWAƘWALWA DA IDO

Wannan magana ta cewa wane karatu ya yi masa yawa har ya taɓu, tsohuwar magana ce, kuma babu gaskiya a cikinta. Karatu ba ya haukata mutum. Taɓin hankali ciwo ne kamar kowane ciwo, yana kama wanda ya yi karatu da wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba. Abin da ya sa ake danganta shi da karatu shi ne, in ya kama mai ilimi kowa sai ya lura, a yi ta ba da labari, in kuwa ya kama wanda bai yi karatu ba sai a nemi wani dalili daban. Abin da dai ke da illa shi ne hana kai barci. Mutumin da ya wuni yana huɗa, sa'an nan ya kai tsakar dare yana karatu, zai tashi da ciwon kai da kasala, kuma laifin na rashin barci ne.

Shi ma ido karatu ba ya makantar da shi. In haske bai isa ba, ido yakan gaji, ya yi ruwa ko yaji, amma da an huta sai ya koma daidai. Saboda haka ka nemi haske mai kyau. Fitilar nan mai caji da hasken rana ta fi aci-balbal da fitilar ƙwai nesa ba kusa ba, ga haske, ga shi babu hayaƙi, babu kuma sayen kananzir. Wani abu kuma da ya kamata ka sani shi ne, yawancin mutane in sun haura shekara 40 sukan fara ganin ƙananan rubutu dishi-dishi, har sai sun nisanta takarda daga fuska. Wannan aikin shekaru ne, yana samun mai karatu da wanda ba ya yi. Maganinsa tabarau ne, bayan an je asibiti an auna ido. Kada a ɗiga wa ido wani abin da likita bai ce a ɗiga ba.

WAI KARATU NA MARASA AIKI NE?

Yayanka ya ce manomi da littafi ɓata lokaci ne. A gaishe shi, a kuma ba shi labarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837. A shekarar 1826 wani Bature ɗan yawon bincike mai suna Kilafaton ya zo Sakkwato karo na biyu, ya kawo masa tsarabar littattafai na Larabci, ciki har da wani tsohon littafin lissafi na wani masanin Girka da ake kira Iƙlidis. A lokacin ana cikin yaƙi da Gobirawa, ga kuma rigima da Barno, ga shari'un jama'a. Duk da haka Baturen ya rubuta cewa wata safiya da ya shiga wurinsa, ya tarar da shi zaune da wannan littafi a gabansa yana dubawa. Har Sarkin Musulmi ya gaya masa cewa da suna da irinsa, wanda wani ɗan'uwansu ya kawo daga Makka, amma gobara ta cinye shi. Ka ga ke nan, Malam, ba kai ne farkon wanda ya yi asarar littafi ba. Wannan bawan Allah, ban da mulki da yaƙi, ya rubuta littattafai masu yawa a kan addini da tarihi da sha'anin mulki har da magunguna. To, wa zai ce masa marar aiki?

Mu dawo nan gida Katsina. Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuma koyar a Makarantar Midil ta Katsina. Yana cikin wannan aikin koyarwa ne aka yi gasar rubuta littattafan Hausa a 1933, ya shiga da Ruwan Bagaja. Yayansa Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, shi ya rubuta Ganɗoki a wannan gasa. Sauran littattafan da suka fito daga gasar su ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da Dokta East. A 1936 aka kira Imam Zariya, ya zauna wata da watanni yana karanta labarun Larabawa da na Indiya da na Turawa, ya tace su, ya sa musu rigar Hausa, aka sami Magana Jari Ce, littafi na ɗaya zuwa na uku. A 1939 kuma ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Da bai zama mai yawan karatu ba, da ba mu sami wannan gado ba. Duk marubucin da ka gani, makaranci ne tun farko.

Kada kuma a ce ai waɗannan manya ne, ina ruwan talaka. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta tashi haiƙan da shirin Yaƙi da Jahilci, wanda Malam Ahmadu Kumasi, mutumin Katsina, yana cikin jagororinsa. Manoma da 'yan kasuwa magidanta su ne ɗaliban, sukan taru da yamma bayan an taso daga aiki. Masu shirin sun gane cewa wanda ya koyi karatu, in bai sami abin karantawa ba, sai karatun ya zube. Shi ya sa aka kafa hukumar NORLA a Zariya, ta riƙa buga ƙananan littattafai masu arha da jaridun larduna, irin su Himma ta lardin Katsina, da Sodangi ta Kano, da Zaruma ta Sakkwato. Karatu kamar fartanya yake, in ana aiki da ita kullum tana sheƙi, in aka jingine ta sai tsatsa. Da yawa daga cikin waɗanda kuka yi firamare tare, in ka miƙa musu takarda yau sai sun yi ta in'ina. Kai kuwa da ba ka saki ba, ga shi har ka rubuto mana wasiƙa da hannunka.

RIBAR DA KE CIKI GA MANOMI DA ƊAN KASUWA

Bari mu sauko kan abin da ya shafi aljihu, tun da shi ne yayanka zai fi ganewa. Buhun takin zamani akwai rubutu a jikinsa. In ka ga an rubuta 15-15-15, wannan kamfa ne, wato sinadarai uku ne a ciki daidai wa daida. In ka ga 46, wannan yuriya ne, mai sinadari ɗaya wanda ke sa ganye ya yi kore shar. Kowanne da lokacin sa shi. Wanda ke duba buhu da kansa, da wuya a sayar masa da wani a ce wani ne. Haka kwalbar maganin feshi: akwai ranar da aka yi shi, da ranar da zai lalace, da lambar hukumar NAFDAC, da yawan da za a zuba a ruwa, da kwanakin da za a jira bayan feshi kafin a girbe ko a ci. Mutane nawa suka ƙone shukarsu, ko suka cutar da iyalinsu, don kawai ba su karanta wannan ɗan rubutu ba? Akwai kuma ƙananan takardun koyar da noma da cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ta buga da Hausa. In ka haɗu da malamin gona, ka tambaye shi ko yana da su.

A kasuwa ma haka abin yake. Yanzu ciniki da yawa ta waya ake biya. Wanda ya saba da karatu zai tsaya ya duba saƙon banki da kyau, ya ga sunan da ke kai da adadin kuɗin, ya tabbatar sun shiga asusunsa kafin ya saki buhu. Zai riƙe littafin bashi, ya rubuta wane ya karɓi tiya kaza ranar kaza, don a guje wa musu. Zai karanta takardar sayen gona ko ta jingina kafin ya dangwala hannu. Duk wannan ba ya samuwa sai ido ya saba da rubutu, kuma labarun nan da ake raina su, su ne ke saba wa ido. Wanda ya karance Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ko Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, rasit ba zai gagare shi ba.

YADDA ZA KA TSARA LOKACINKA

Dabarar ba sabuwa ba ce, tana nan a zauren malamanmu. Ɗalibi yakan zo da Ahalari ko Ishmawi ko Iziyya ko Risala, malam ya biya masa layi kaɗan, ya tafi ya maimaita, gobe ya dawo a ƙara masa. Da haka ake sauke manyan littattafai. Mai tilawa ma da ke karanta izu 2 kullum, cikin kwana 30 ya sauke izu 60. Sirrin shi ne kaɗan-kaɗan, amma kullum.

Yi lissafi da kanka. In kana karanta shafi 5 kacal a rana, a shekara ka karanta shafi 1,825. In littafi yana da shafi 100, ka sauke littafi 18 ke nan, alhali ba ka fasa zuwa gona ko sau ɗaya ba. Shafi 5 kuwa bai fi lokacin shan shayi ba.

Saboda haka muna ba ka shawara ka bi yanayin shekara. Da damina, lokacin shuka da noman farko da maimai, aiki shi ne gaba, domin ciyawa ba ta jiran kowa. Ka wadatu da ɗan abin da ka samu bayan sallar asuba, ko in an zauna gindin itace ana shan fura da rana. Kada a ga littafi a hannunka alhali ga kunya ba a gama ba, don nan ne masu magana za su sami abin faɗi. Da kaka in an kai amfani gida, da rani kuma, sai ka saki jiki, ka ɗauko manyan littattafan da ka jingine. A kasuwa, ka bari sai ciniki ya lafa. In mai saye ya tsaya a gabanka, rufe littafi ka dube shi, don mai saye ba ya son a amsa masa ana kallon wani wuri.

Ka kuma riƙa cuɗanya abin da kake karantawa: na addini, na sana'a, na tarihi, da na nishaɗi. Ka ajiye ɗan littafin rubutu, in ka gamu da kalmar da ba ka sani ba ko wani abin amfani, ka rubuta, ka tambayi malamin makaranta in kun haɗu. Kuma ba duk abin da aka buga ne gaskiya ba, balle wanda ake turowa ta WhatsApp ba a san marubucinsa ba. Mai yawan karatu shi ya fi kowa gane haka, domin yana da abin da zai gwada magana da shi.

HAƘƘIN UWARGIDA DA YARA

A nan kam, Malam, uwargida tana da gaskiya. Kuɗin cefane ba na littafi ba ne, lokacin hira da iyali kuma haƙƙinsu ne. Amma akwai hanyar da za a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Maimakon ka juya musu baya kana karatu a zuci, ka karanta a fili kowa ya ji. Bayan sallar lisha a shimfiɗa tabarma, ka ɗauko Magana Jari Ce ka karanta labari ɗaya, ka tsaya a inda ya fi daɗi, ka ce sai gobe. Za ka ga yara da kansu suna tuna maka. In an kwana biyu sai ka miƙa wa babban yaro ko yarinya su karanta, kai kana gyara musu.

Kada kuma a ɗauka karatu na maza ne kaɗai. Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma shirya mata da ake kira 'Yan Taru, inda shugabanninsu, wato jajis, ke zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar da 'yan'uwansu. A zamaninmu ma, tun daga shekarun 1980 da littattafan Hausa suka cika kasuwa, mata suna sahun gaba wajen rubutawa da karantawa, irin su Balaraba Ramat Yakubu mai Alhaki Kuykuyo Ne, da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa mai Allura Cikin Ruwa. Wataƙila in ka tambayi uwargida irin labarin da take so, ka sayo mata, ƙorafin ya ƙare.

Wannan batu na yara yana da muhimmanci ƙwarai a yankinku. Kowa ya san wahalar da mutanen Safana da Batsari da sauran garuruwan bakin dajin Rugu suka sha a hannun 'yan bindiga, musamman daga 2019, inda wasu suka bar ƙauyukansu, karatun yara ya yi ta yankewa. A 2020 makarantu sun daɗe a rufe saboda annobar korona. A watan Satumba na 2021 kuma aka katse layukan waya na wasu watanni a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Safana da Batsari. A irin wannan lokaci, waya ta zama hoto, amma littafin takarda yana nan, ba ya neman caji, ba ya neman sabis. Gidan da ke da littafi ko guda 10 ne, da uba mai karanta wa yara, karatun 'ya'yansa ba zai zube ba ko da makaranta ta tsaya.

MAGANIN GARA, DA INDA ZA A SAMU LITTAFI

Maƙiyan littafi huɗu ne: gara, ɓera, kyankyaso da danshi. Kada ka ajiye littafi a ƙasa, kada ka jingina shi da bangon ƙasa, kada ka sa shi a kwali. Nemi akwatin ƙarfe mai murfi, ka ɗora shi a kan duwatsu ko bulo, ka ja shi nesa da bango kamar taƙi ɗaya, yadda za ka riƙa ganin bayansa. Da ka ga gara ta fara gini, ka rushe nan take. Ka zuba busasshen ganyen bedi, wanda wasu ke kira darbejiya ko dogon yaro, a cikin akwatin, ka riƙa sabunta shi. Ka tabbata ya bushe sarai, don ɗanye danshi zai kawo. In damina ta wuce, ka fito da littattafan ka kaɗe su, su sha iska a inuwa. Kada a ci abinci a kansu, domin maiƙo shi ke kiran kyankyaso da ɓera. Malamanmu na da sun san darajar wannan, shi ya sa suke sa littafi a gafaka ta fata su rataye ta sama. Wanda kake yawo da shi a aljihu kuwa, ka yi masa bango da takarda mai kauri, ka sa shi a leda saboda gumi da ruwan sama.

Batun samu kuwa, mun san kuɗi sun yi wuya. Ka duba wurin masu baza littattafai ranar kasuwa da bakin masallacin Juma'a, tsofaffi sun fi arha. Ka nemi mutum huɗu masu ra'ayi irin naka ku yi adashen littafi: kowa ya sayi ɗaya, ku riƙa musanya, ka ga kowa ya karanta 5 da kuɗin guda. Ku rubuta sunan wanda ya ara da ranar da zai mayar, don aron littafi ya sha raba abokai. In kuna da ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita ko Jami'ar Tarayya da ke Dutsin-ma, wadda aka kafa a 2011, ku roƙe su su riƙa zo muku da waɗanda suka gama da su. In kuma wata hidima ta kai ka birnin Katsina, ka leƙa ɗakin karatu na jiha.

Daga ƙarshe, Malam, kada ka yi jayayya da 'yan majalisa. Ka dai tabbata gonarka ba ta fi ta kowa ciyawa ba, iyalinka ba su rasa haƙƙinsu ba. Ranar da ɗayansu ya kawo maka takardar asibiti ko ta kotu ya ce don Allah duba mani, ka duba masa da fara'a, kada ka tuna masa abin da ya faɗa. Muna fata za ka sake rubuto mana bayan kaka, ka gaya mana littafi nawa ka sauke, da kuma dami nawa ka ɗaure. Allah Ya ba da damina mai albarka, Ya zaunar da yankinku lafiya.

Masu sauraro, a nan za mu dakata. Wanda ke da tambaya sai ya rubuto, ya kuma rubuta sunan garinsu yadda zai karantu. Sai wani mako in Allah Ya kai mu. Mu huta lafiya.